Kuɗin Jama'a da Fasahar Jama'a: Daga Baitulmalin Katsina Zuwa Zamanin Intanet

Gabatarwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne uku da ke kudu maso yammacin Jihar Katsina. Kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma dajin da ya haɗa yankin da Zamfara da Birnin Gwari, wanda jiya ya kasance makiyaya da wurin farauta, yau ya zame musu jarrabawa. Duk mai sauraron rediyo ya san sunayen nan uku ta hanyar da 'ya'yansu ba su so. Sai dai kafin wannan suna, ƙasar tana da nata na asali. Ƙasar auduga ce da masara, ƙasar Pauwa da Kogo, inda gangar noma ke tashe da damina, kalangu ke tashe da kaka, kuma kusan kowane zauren malami yana da gafakar da aka gada daga kakanni.

A yau akwai matasa a waɗannan garuruwa da ke riƙe da wayar salula, suna son su ɗauki muryar tsoffin makaɗa, su ɗauki hoton takardun ajami, su shirya gajerun finafinai da shirye-shiryen murya a kan tarihin garuruwansu. Tambayar da ke tsayar da su guda ce: ina za a sami kuɗin aikin? Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. A wannan maƙala zan bi sawun yadda kuɗin hukuma ya riƙa shiga harkar adabi da al'adun Hausa tun daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau. Abin da na gani a wannan tarihi shi ne, kuɗin da ya bar gado mai ɗorewa shi ne wanda ya tashi ya je neman mai fasaha inda yake, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya zauna a ofis yana jiran a zo nemansa kuwa, komai yawansa, da wuya labarinsa ya wuce shafin jarida.

Daga taskar sarki zuwa baitulmali

Kafin zuwan Turawa, mai fasaha a ƙasar Hausa ya san ubangidansa. Makaɗin fada yana da sarkin da ke ɗinka masa riga, ya ba shi doki da gona da hatsin shekara. Makaɗin maza yana da 'yan dambe da mafarauta, makaɗin noma yana da sarkin noma, malami kuwa yana da zakka da sadakar jama'ar gari. Irin wannan riƙo ne ya ba mu Ibrahim Narambaɗa a fadar Isa da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, ko da yake su biyun sun yi zamani ne a ƙarƙashin mulkin mallaka. A yankinmu ma, gidajen sarauta irin na Sarkin Pauwan Katsina a Ƙanƙara da Sarkin Yamma a Faskari sun kasance inuwar makaɗa da maroƙa.

Wannan tsari yana da kyau guda da ba a cika lura da shi ba: babu nisa tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Sarki ya ji kiɗa da kunnensa, ya yi kyauta nan take. Amma yana da nasa sharaɗi, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda sarki ya ciyar, sarki zai yaba.

Sauyin farko ya faro ne daga Katsina. A farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, aka kafa baitulmalin En'e na farko a Arewa, inda aka raba aljihun sarki da asusun ƙasa, aka yanka wa masu sarauta albashi, aka fara rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Daga nan ne kalmar kuɗin jama'a ta sami ma'anar da muka sani a yau. Tun daga wannan lokaci, duk mai son hukuma ta taimaki fasaharsa sai ya sami gurbi a cikin kasafi, kuma kasafi ba ya jin zaƙin kotso. Yana bukatar dalili a rubuce.

Shekarar da hukuma ta fita neman marubuta

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara domin samar da littattafan karatu ga makarantun boko. Daga baya ta zauna a Zariya, ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin jagorancin Dakta Rupert East. Matsalar da ke gabansa a fili take: an koya wa yara karatun boko da Hausa, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. A 1933 ya shirya gasar ƙaga labarai.

Abin da ya kamata mai nazarin tarihi ya tsaya a kansa shi ne yadda aka gudanar da gasar. East bai liƙa sanarwa a Zariya ya koma kujera ba. Ya zagaya manyan garuruwan Arewa, ya zauna da malamai, ya bayyana musu irin rubutun da ake nema, domin a lokacin ƙaga labari a rubuce baƙon abu ne, wasu malamai ma suna ganin sa aikin yara da mata. Katsina, wadda ke da Kwalejin Horar da Malamai tun 1921, tana cikin wuraren da kiran ya fi samun karɓuwa. Daga nan Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22 yana koyarwa a Makarantar Midil, ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, sannan John Tafida da East suka haɗa hannu a kan Jiki Magayi.

Littattafai biyar ke nan, ƙanana, amma har yau a kansu ake fara koyar da ƙagaggen labarin Hausa a jami'o'i. Hukumar kuma ba ta sallami marubutan da kyauta ta juya baya ba. Ta gyara rubutun, ta buga, ta raba wa makarantu. A 1936 ta ari Imam zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a Janairun 1939 ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya da tallafin asusun raya ƙasashen da Ingila ke mulka.

Ba na cewa Turawa sun yi haka don ƙaunar adabinmu tsantsa. Suna bukatar ma'aikatan En'e masu karatu, kuma jaridar ta fito ne ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da suke son muryar da za ta isar da saƙonsu. Ubangida ya sauya, sharaɗi bai gushe ba. Duk da haka, tsarin aikin ya cancanci nazari: an je wurin mutane, an yi musu magana da harshensu, an nemi abu ɗaya bayyananne, an kuma raka aikin har ya isa hannun mai karatu.

Majigi da Yaƙi da Jahilci

A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta faɗaɗa wannan hanya. Shirin Yaƙi da Jahilci ya buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, aka kafa hukumar NORLA domin ta buga musu abin karantawa, har da jaridun larduna, kamar Himma ta Lardin Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano. Hukumar ta buga waƙoƙi da labarai da ƙananan littattafan sana'a, da boko da ajami, kafin a rufe ta a 1959.

A daidai wannan zamani motar majigi ta shiga ƙauyuka. Da yamma a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a tayar da injin wuta, gari ya taru. Fim ɗin da ya fi zama a zukatan mutanen Arewa daga wancan lokaci shi ne Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman zamani, musamman na auduga. Wannan saƙo kamar don mutanenmu aka tsara shi, domin Daudawa ta ƙasar Faskari ta daɗe tana matsayin cibiyar irin auduga, Funtuwa kuma tana da injin gurzarta. A nan ma manufar hukuma ta tattalin arziki ce, masaƙun Ingila suna son auduga. Amma a tarihin yankinmu, majigi shi ne karo na farko da fasahar zamani da aka biya da kuɗin jama'a ta taka ƙafa har ƙofar gidan talaka, ta yi masa magana da Hausa, ba tare da ya cika wata takarda ba.

Shekarun man fetur

Bayan samun 'yancin kai, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya zama babban ubangidan makaɗa. Muryar Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa mazaunin Funtuwa, da ta Musa Ɗanƙwairo da ta Ɗan Maraya Jos sun karaɗe ƙasar Hausa ta wannan kafa. A 1966 aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya, a 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, wadda ta tara waƙoƙi da rubuce-rubuce masu yawa, a 1970 kuma Gidan Arewa ya buɗe a Kaduna. A tsallaken iyaka, an kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda ake kira CELHTO a yau.

Da kuɗin mai ya bunƙasa, Gwamnatin Tarayya ta kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975, ta ɗauki nauyin fim ɗin Shaihu Umar wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, sannan ta karɓi baƙuncin bikin FESTAC a 1977, inda aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna. An kashe dukiya mai yawa a bikin, an kuma yi abin kallo. Amma idan aka tambayi ɗalibin adabin Hausa abin da ya gada daga waɗannan shekaru, abin da zai fara ambata gasa biyu ne waɗanda kuɗinsu bai kai cikin cokalin na FESTAC ba. Ta farko ta kamfanin NNPC ce a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta. Ta biyu ta Sashen Al'adu na Tarayya ce, wadda littattafanta suka fito a 1982, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Zaɓi Naka na Munir Muhammad Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello. Uku daga cikin waɗannan huɗu alƙaluman Katsinawa ne. Kusan shekara hamsin bayan zagayen East, dabara iri ɗaya ta sake haifar da ɗa mai ido.

Da hukuma ta janye hannu

Faɗuwar farashin mai da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya kamfanonin ɗab'i, takarda ta yi tsada, hukumomin al'adu suka koma biyan albashi kawai. An ƙirƙiri Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, ta kuma sami Hukumar Tarihi da Al'adu tata, amma an haife ta ne a shekarun fari. A 1988 aka ƙaddamar da Manufar Al'adu ta Ƙasa, a 1991 kuma dokar soja ta kafa Asusun Tallafa wa Fasaha na Ƙasa. Shekaru da dama bayan haka masu fasaha suna ta kukan cewa asusun yana nan a takarda, babu abin da aka zuba masa da zai isa a gani a ƙasa.

Jama'a ba su zauna jira ba. Matasa maza da mata suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, abin da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, inda sunaye irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi fice. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin masana'antar da ta zama Kannywood. Adashi da gudummawar 'yan uwa da bashin 'yan kasuwa ne suka gina wannan masana'anta.

Wannan zamani ya nuna abin da kasuwa za ta iya, ya kuma nuna inda ƙarfinta ya tsaya. Kasuwa takan ɗauki nauyin abin da za a saya gobe da safe. Adana abin da jikoki za su nema bayan shekara hamsin ba aikinta ba ne. Shata ya rasu a 1999, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, kuma waƙoƙinsu suna warwatse a tsoffin faya-fayai da kaset-kaset da katin waya, galibi babu kwanan wata, babu sunan wurin da aka yi su. Da Ibrahim Sheme, ɗan ƙasar Faskari, wanda ya kafa mujallar Fim a 1999, da abokan aikinsa ba su ɗaura ɗamarar rubuta Shata Ikon Allah! ba, wanda ya fito a 2006, da abubuwa da yawa na rayuwar mawaƙin sun bi shi kabari. Idan haka lamarin yake ga Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ina ga makaɗin garaya na wani ƙauye a Sabuwa wanda bai taɓa shiga ɗakin rediyo ba?

Zamanin manyan alƙaluma

Daga 2010 hukuma ta dawo fagen, amma da sabon harshe. An daina cewa al'adu, aka koma cewa masana'antar ƙirƙira. A wannan shekara Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da asusun dala miliyan 200 don harkar nishaɗi, a 2013 kuma aka ware naira biliyan 3 don tallafa wa masu shirya finafinai. A 2016 aka sanar da gina dandalin finafinai na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Jihar Kano, amma aka soke shi cikin ɗan lokaci bayan malamai da wani ɓangare na jama'a sun nuna adawa. Ko me mutum yake gani game da wannan adawa, darasin a bayyane yake: an yanke shawara daga sama, ba a zauna da mutanen da za a kai wa aikin ba. East da ya zo da baƙon abu a 1933, zama da malamai ya fara yi.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka fito da shirin rance ga masu ƙirƙira a fannoni huɗu: ɗinki, fasahar sadarwa, fim da kiɗa, da ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, ta hannun bankunan kasuwanci. A Maris na 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE na sama da dala miliyan 617, da gudummawar Bankin Raya Afirka da Hukumar Raya Ƙasashe ta Faransa da Bankin Musulunci, Bankin Masana'antu kuma yana riƙe da ragamarsa, don matasa 'yan shekara 15 zuwa 35 masu sana'ar fasahar zamani da ƙirƙira. A Agustan 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya ta musamman mai kula da fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka naɗa Hannatu Musawa, 'yar Jihar Katsina, ta jagorance ta.

Ba a taɓa ambaton kuɗi masu yawa haka a tarihin wannan fanni ba, kuma ban ce shirye-shiryen ba su amfani kowa ba. Amma a dube su da idon matashin Ƙanƙara. Galibinsu rance ne ko zuba jari, wato suna neman aikin da zai dawo da riba. Suna bukatar kamfani mai rajista da asusun banki da tsarin kasuwanci a rubuce da Turanci, wani lokaci da jingina. Ga mutumin ƙauyen Sabuwa, harkar banki tafiya ce zuwa Funtuwa a kan hanyar da ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba. Ga wasu kuma, batun ruwan bashi kaɗai ya isa ya sa su ja da baya saboda addini. Sannan kusan duka ana neman su ne ta intanet.

A nan ne tarihi ya yi mana wasan da ba na dariya ba. A Satumban 2021, saboda matsalar tsaro, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni a haka. A waɗannan watanni na ga matasa suna hawa mota su yi tafiya mai nisa don kawai su sami inda waya za ta kama su aika saƙo ɗaya. Kakanninsu majigi ya iske su a ƙofar gida. Su kuwa, a zamanin da ake cewa duniya ta dawo tafin hannu, rijiyar ta yi nisa, igiyar gugar kuma ta tsinke.

Abin da ke salwanta

Wani zai ce a ƙasar da ake sace mutane, maganar kiɗa da tsoffin takardu shagala ce. Na fahimci mai wannan ra'ayi. Wanda ya ga daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida, ko ya tuna harin Kadisau ta ƙasar Faskari a Yunin wannan shekara, yana da hujjar cewa rai ne a gaba. Amma wannan masifa ita ce ta sa aikin adanawa ya zama na gaggawa. Idan ƙauye ya tashi, mutane sukan tsira da kayan jikinsu. Gafakar malam takan ƙone ko gara ta cinye ta a kango. Tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daka da na niƙa takan ƙare kwanakinta a gidan haya a Funtuwa ko Malumfashi, jikokinta suna kallon waya. Bikin kalankuwa da gayya da farautar rani ba sa yiwuwa inda gona ta gagari shiga.

Lokacin da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya yi bincikensa a kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, ya dogara ƙwarai da hira da dattawa a garuruwa da ƙauyuka. Da yau ne zai yi wannan aiki a kudanci da yammacin jihar, da wurare da yawa sun gagare shi shiga. Abin da ya rage a kan dattawan da ke raye shi ne kashi na ƙarshe, kuma ba shi da riba ta kuɗi da za a biya banki da ita.

Abin lura, irin kuɗin da ya dace da wannan aiki ya fi zuwa daga waje. Shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004 da kuɗin gidauniyar Arcadia, ya tallafa wajen ɗaukar hoton tsoffin takardu a Kano da Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, bisa sharaɗin cewa takardun asali za su zauna a ƙasarsu, a kuma ajiye kwafi a gida. Jami'ar Boston, da tallafin asusun gwamnatin Amurka na nazarin al'adu, ta ɗora rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka a intanet. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata a 2016, kuma ta fito da sababbin marubuta da dama. Duk ukun kyauta ce ba rance ba, kuma kowannensu abu ɗaya bayyananne yake nema. Muna godiya, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Al'ummar da ta bar wa baƙi adana tarihinta, za ta wayi gari tana neman izini kafin ta ji muryar kakanta.

Kammalawa

Tarihin da na bibiya ya nuna cewa abin da ake bukata ba sabo ba ne, kuma a Katsina aka taɓa gwada shi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, tare da sassan Hausa da na tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, za su iya shirya gasa ta shekara-shekara a matakin ƙaramar hukuma: a sanar da ita da Hausa a rediyo da masallatai da ranar kasuwar Sheme da ta Ƙanƙara, a karɓi buƙata a takarda ko da murya, a ba da ƙaramin tallafi da na'urar ɗaukar murya da horo na 'yan kwanaki. Wanda aka ɗauki muryarsa a nemi yardarsa, a rubuta sunansa, a biya shi hakkinsa. Kwafi ɗaya ya zauna a garin, ɗaya a Katsina, ɗaya a intanet. Alƙalanci ya kasance a hannun masana, domin kada mu koma gidan jiya inda wanda ya ba da riga shi ake yi wa waƙa.

Hanyoyin kuɗin ma suna nan. Akwai ayyukan mazaɓu da ake ware wa 'yan majalisar tarayya kowace shekara, kuma ƙananan hukumomin nan uku wakili ɗaya gare su. Akwai asusun TETFund da ke tallafa wa binciken jami'o'i. Akwai kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Naira biliyan 3 da aka yi niyyar kashewa a Kofa, da an yanka ta naira miliyan ɗai-ɗai, ayyuka 3,000 ke nan.

Su kuma matasan, shawarata gare su daga wannan tarihi take. Su haɗu cikin ƙungiya mai rajista, domin kasafi ba ya ganin mutum ɗaya. Su fara da wayar da ke hannunsu, su rubuta sunan wanda suka ɗauka da garinsa da ranar, domin mai neman tallafi da aiki a hannu ya fi mai neman sa da alkawari. Su jingina da jami'a ko hukumar tarihi, saboda ta wannan ƙofa irin waɗannan kuɗaɗe suka fi shigowa. Kuma su fara da dattijon da ya fi kowa tsufa a unguwarsu, tun yana iya magana.